Gammon Gotthard na Ƙarshe

Tun daga gindin tudu, inda motar haya ta sauke su, Roswitha Uhlig ta ƙi sakin jakar. Sau biyu 'yarta Annett tana miƙo hannu, sau biyu tsohuwar tana kauce mata.

"Mama, hawan nan fa ba wasa ba ne. Kawo in riƙe miki."

"Na hau shi da kwando biyu, ke kina bayana kina kukan takalmi ya matse ki. Yau jaka ɗaya ce za ta gagare ni?"

"Lokacin ai ba ki kai saba'in da bakwai ba."

"Ƙara ɗaga murya, na baya ba su ji ba."

Annett ta dai tallabe mata gwiwar hannu, don duwatsun hanyar sun sha ƙanƙara, santsi kamar an zuba mai. Lahadi ce ta biyu cikin makonnin jiran Kirsimeti. La'asar ba ta yi nisa ba, amma tuni an kunna fitilu a kan ganuwar tsohuwar fadar Eulenfels, mutane na ta hawa zuwa kasuwar Kirsimeti da yara a kafaɗa. Iska tana gangarowa da ƙamshin gasasshen nama da kanumfari da hayaƙin icce. Shekara huɗu ke nan Roswitha ba ta shaƙi ƙamshin nan ba, kuma da gangan ta ƙi.

Abin da ke cikin jakar ba shi da wani nauyi. Gammon katako ne guda ɗaya, faɗinsa kamar tiren shayi, a naɗe cikin tsohon tawul. Shi ne na ƙarshe da mijinta Gotthard ya juya kafin ya rasu, kuma har yau ba a tsaga shi ba.

Kowa a kwarinsu ya san aikin, ko da yake masu yinsa yanzu ba su cika yatsun hannu biyu ba. A ɗora jiƙaƙƙen icce a kan inji, yana juyawa mutum yana danna masa ƙarfe ta ciki da ta waje, har ya zama gammo mai tudu da kwari. In ka kalle shi ba ka ga komai ba sai zagaye. Sai ya bushe an sa masa wuƙa da guduma an tsaga shi kamar yadda ake yanka burodi, sannan ka ga kowane yanki doki ne, ko tunkiya, ko raƙumi. Mai juyawar da kansa ba ya ganin dabbar lokacin da yake yinta. A kansa take, sai kuma a hannunsa.

Gotthard ke juyawa, Roswitha ke sassaƙa. Shi ya tsaga, ita ta zauna a teburin kicin da 'yar wuƙarta tana zagaye ciki, tana raba ƙafafu, tana fito da ido, ta shafa fenti. Sama da shekara hamsin suna haka, kuma faɗansu ɗaya ne tal, sai dai ya yi tsawon auren. Gotthard ya yi suna da dawaki masu siririyar ƙafa kamar tsinken ashana, abin da ya gagari duk sauran masu inji. Shi ke shan yabo, ita ke shan wuya, don a hannunta suke karyewa. Ta gama doki tas, saura ƙafar baya, sai ka ji ƙas. Nan za ta ɗaga masa ɗan ƙaramin yatsanta ta tsallaken tebur.

"Kaurin wannan kawai ka bar mini, bawan Allah. Wannan. Me zai rage ka?"

Shi kuwa ko ɗago kai daga kwanon miyarsa ba ya yi.

"Doki nake yi, ba tebur ba."

Da sanyin ƙashi ya zo ya murɗe mata yatsu, ta roƙe shi har da hawaye, amsar ba ta sauya ba. Daga ƙarshe ta jefa wuƙar cikin aljihun tebur ta koma fenti kaɗai. Kai, mutumin nan ya iya taurin kai! Ga shi ba ya sannu, ba ya na gode. Ranar da ya ci abinci ya ce "ba laifi", to ranar an yi biki ke nan. Amma ita ta san shi ne ke tashi da duhun asuba ya hura mata murhu, ya ɗora safarta a kai ta yi ɗumi, ya koma ya kwanta kamar ba shi ba.

Sai gigin tsufa ya kama shi. Abin ya fara da tabarau a cikin firji, ya kai ga ya dube ta ya ce, "Mama, yaushe Baba zai dawo daga ramin haƙar ma'adinai?" Wata rana ma ya tambaye ta cikin ladabi ko ta ga matarsa. Aka kulle ɗakin inji da ke ƙarƙashin gida, aka ɓoye makulli, don ba a barin mai ruɗewa da ƙarfe.

Wata safiya cikin kaka ta dawo daga sayen burodi, sai ta ji daɓen kicin yana rawa a ƙarƙashin ƙafarta. Inji ne. Inda ya samo makulli, da yadda ya jawo guntun gungume daga kwamin ruwan bayan gida, har yau ba wanda ya sani. Ta daskare a tsaye da burodi a hannu, tana tsoron ta sauka ta firgita shi alhali yana riƙe da ƙarfe. Can ƙarar ta mutu. Ya hawo a hankali, sassaƙe duk a gashinsa, ya ajiye jiƙaƙƙen gammo a kan mayafin teburin da ta hana shi ɗora komai a kai tun suna amarya da ango. Ya kama murɗaɗɗen hannunta, ya dube shi, ya dube ta.

"Kin sha wahala da ni," ya ce. "Na gode."

Bai ambaci suna ba. Ita kuwa idonta na kansa, ko kallon gammon ba ta yi ba, ta dai naɗe shi da tawul kamar yadda aka saba don kada ya bushe da gaggawa ya tsage, ta ɗora a kan kabad. Kafin Kirsimetin shekarar ya rasu.

Bayan an binne shi ta ba Annett labari. Annett ba mugunta ta nufa ba, ita dai 'yar ubanta ce, ba ta sa wa magana riga.

"Mama, ranar fa da yamma da na kira waya, da sunan ƙanwarsa ya kira ni. Ƙila Kaka yake gani."

Shi ke nan, an dasa mata ƙaya. Wa Gotthard ya gode wa? Ita, ko uwarsa da ta daɗe a ƙasa? Godiya guda ɗaya a aure guda, ita ma ba ta da tabbacin tata ce. Ta yi ta juya abin har ta tsayar da magana ɗaya: hannu ba ya ƙarya. In dabbar da ke cikin gammon nan ta fito daidai, to a safiyar nan Gotthard yana cikin hayyacinsa, ya san inji, ya san gida, ya san hannun da ya kama. In kuwa shirme ne, godiyar ta wata ce. Tun daga ranar ba ta sake kwance tawul ɗin ba. Tsoro take ji, ba ta kuma ɓoye wa kanta cewa tsoro ne.

Yanzu ga shi gidan za a bari. Da an shiga sabuwar shekara za ta koma Leipzig wurin Annett, ɗaki ɗaya a hawa na uku. An kwashe inji, an raba ƙarafa, an zo kan kabad. Ta ce ba za ta shiga gidan wani da tambayar nan a kanta ba.

A bakin ƙofar fada tsohon mai raba wasiƙu na garinsu ne tsaye cikin sulke da hular ƙarfe, shigar wasa ta 'yan kasuwar, riƙe da mashi, hanci ya yi jajir.

"A'a! Uwargida Uhlig! Ashe kina nan?"

"Ina za ni? Kai kuma wa ya ɗaure ka cikin tukunya?"

"Gadin sarki nake."

"Wasiƙa ma da ƙyar ka tsare ta daga ruwan sama."

Ya tuntsire da dariya har sulken na ƙara, ya ɗaga mashi suka wuce ta dogon soron nan mai duhu, suka fito tsakar fada.

Allah sarki, tsakar fada. Tana nan yadda take, ba ta kuma nan. Rijiyar tana tsakiya an kewaye ta da ganyen Kirsimeti, hasumiya ta karkata kamar kullum, mai ƙira yana bugun ƙarfe a inda uban mai ƙira ya buga. Amma rumfunan sun ninka, kuma rabin fuskokin ba ta san su ba. Wata yarinya cikin doguwar rigar mutanen da tana sayar da kyandir, tana latsa waya a ƙarƙashin tebur. Mai gasa nama ya sa hular gashi, wai shi mutumin shekara ɗari bakwai da suka wuce ne, ga agogo a hannu. A kan barandar sama masu busa huɗu suna hura waƙar coci, sanyi ya sa na ƙarshen yana biyo su a baya.

Ƙafarta ce ta kai ta gindin matakalar hasumiya, ba ita ba. Nan ne wurinsu. Lungu ne da iska ba ta shiga, Gotthard ya gano shi tun shekarar farko da aka buɗe kasuwar, bayan an buɗe iyakar da ta raba ƙasar gida biyu, lokacin da mutanen Yamma suka yi ta zuwa da manyan motoci suna kwasar komai har da kwandon da aka zubo kayan. Yanzu wata mata ce a wurin da sabulai masu launi.

"Sabulu," in ji Roswitha. "A wurin dawaki."

"Mama, za ta ji ki."

"To ƙarya na yi?"

Ƙugiyar ƙarfen nan tana nan a bango, inda yake rataye fitila. Ta miƙa hannu ta taɓa ta. A nan suke tsayuwa daga hantsi har duhu, da tubali mai zafi a ƙarƙashin ƙafa, ita ke magana da masu saye, shi yana baya ya harɗe hannu yana hararar duk wanda ya ɗauki doki ta ƙafa. A nan wani mai tsadadden kwat ya ɗaga doki ya ce wa matarsa, dubi ɗan jakin nan, Gotthard ya zare shi daga hannunsa ya ce an sayar. Mutumin ya nuna sauran arba'in da ke jere, Gotthard ya ce duk an sayar.

"Kin tuna kwandon sassaƙe?" in ji Annett, muryarta ta yi ƙasa. "A ciki nake barci, ƙarƙashin tebur. Baba ya rufe ni da kwat ɗinsa, shi ya tsaya da 'yar shara."

"Ya ce zafi yake ji."

"Leɓensa har shuɗi yake yi."

Suka ɗan tsaya. Mai sabulu ta tambaya ko za su shinshina na zuma, Annett ta ce a'a, sun gode. Sannan ta juyo ga uwarta.

"Mama, mu sha wani abu mai zafi, mu saya wa yara burodin zabibi, mu koma. Gammon nan in kin rataye shi a bango haka nan ma ado ne. Ba dole sai an tsaga ba."

"Ke kika fara maganar."

"Na sani. Shi ya sa."

"To ki raka ni in ƙarasa ta."

Tsohuwar bargar dawakin fadar tana can ƙasa, sai an sauka matakala. Tun daga sama Roswitha ta jiyo ƙarar inji, ga kuma warin jiƙaƙƙen icce da ya cika mata hanci har ido. A ƙarƙashin bakan dutse mutane sun yi da'ira, a tsakiya wani ƙato mai farin gemu ya duƙa a kan inji, dogayen sassaƙe suna tashi suna sauka a kan hulunan yara. Volkmar Kaden ke nan. Yana da shekara sha shida aka kawo shi wurin Gotthard koyon aiki, siriri kamar sanda, ya cinye mata tukunyar dankali a ranar farko. Yanzu ya haura sittin, jikoki uku.

Ya kashe inji, ya ɗauko busasshen gammo ya ɗaga sama.

"Wa zai faɗa mini abin da ke ciki?"

Yara suka yi ta ihu, wannan ya ce kare, wannan ya ce kada. Ya kafa wuƙa, ya buga guduma, ya ɗago giwa. Aka yi tafi. Da ya ɗaga ido sai ya hango ta a bayan taron, gudumar ta tsaya a sama.

"Jama'a, a je a sha shayi, inji ya gaji," ya ce. Ya ratso mutane yana goge hannu a gaban riga. "Uwargida! Ke ce da kanki?"

"A'a, fatalwata ce. Yaro, wannan tumbin fa? Da shi kake danna ƙarfen?"

"Dankalinki ne bai narke ba har yau."

Ya rungume ta a hankali kamar mai tsoron ta karye, ya gaisa da Annett, ya jawo mata kujera kusa da murhu, ya kakkaɓe ta da hularsa. Suka taɓa hirar waɗanda suka mutu da waɗanda suka rufe shago. Ya ce shi ma gwiwa ta fara gardama, yaran yanzu kuwa ba mai son tsayuwa cikin ruwa da sanyi. Sannan ta ɗora jakar a kan cinya, ta zaro abin, ta miƙa masa da tawul ɗinsa.

"Na Maigidanka ne. Na ƙarshe. Hannuna ba zai iya guduma ba."

Volkmar ya san labarin ciwon, shi ya ɗauki gaban akwatin gawar. Ya karɓa da hannu biyu. Roswitha ta kau da kai ta zuba wa murhu ido lokacin da yake kwance tawul ɗin, amma kunnenta na wurinsa. Ta ji ya yi ajiyar zuciya irin ta mai jin daɗi.

"Doki ne," ya ce. "Dubi bayan nan. Dubi wuya. Kai, Maigida!"

Sai ya kifa gammon, ya zura manyan yatsunsa cikin kwarin da ke ƙasa, inda ƙafafu suke. Ya daɗe yana laluba. Ta gaji da jira, ta juyo. Ya bi zagayen da yatsa, ya sake bi, ya saci kallon Annett, Annett ta sunkuyar da kai.

"Uwargida," ya ce, "iccen ya bushe da yawa. Shekara huɗu fa. In na buga zai iya wargajewa."

"Tun kana sha shida ba ka iya ƙarya ba. Kunnenka ke ja."

"To, ki bar kaza cikin gashinta. Abu ne mai kyau a haka. Ni da kaina zan shafa masa mai, in sa masa igiya."

"Volkmar."

"Na'am."

"Na hau tudun nan da ƙafata. Tsaga."

Ya ɗora shi a kan kututture. Wasu 'yan kallo sun fara dawowa, Annett ta tsaya ta tare su da bayanta. Ya kafa wuƙa, ya buga sau ɗaya, ya matsa kaɗan ya sake bugawa. Yankin ya faɗo a tafin hannunsa, sai ya dunƙule hannun.

"Ba ni."

"Uwargida, ciwo ne. Ba shi ba ne. Kada ki riƙe wannan a matsayin aikinsa."

"Na ce ba ni."

Ya buɗe hannu. Doki ne, ba shakka. Kai ɗan ƙarami a sunkuye, wuya ya lanƙwasa, gadon baya sumul, duk na Gotthard. Amma ƙafafun, wayyo. Gajeru ba gajeru ba, sai kauri, dirka-dirka kamar turame, irin wanda ɗan koyo ke yi a watansa na farko a maka masa tsawa.

"Maigida da hankalinsa," in ji Volkmar, "ko wuƙa aka sa masa a wuya ba zai bar ƙafa haka ba. Ni ya taɓa jefa mini gammo sukutum cikin murhu a kan rabin wannan. Ya fara daidai, kin gani, daga sama. Da ya zo ƙasa sai abin ya tafi da shi."

Annett ta durƙusa kusa da kujerar, hawaye na zuba.

"Mama, ki yafe mini. Da ban faɗi maganar nan ba. Tashi mu tafi gida."

Roswitha ba ta ji su ba. Ta ji sanyin dutsen bargar ya hawo mata har gwiwa. Ashe dai ta wata ce. Shekara hamsin, ko wannan ɗin ma ba ta samu ba. Ta riƙe ɗan dokin tana murza shi da yatsa, don hannun mai sassaƙa ba ya iya riƙe icce ya zauna lafiya.

Yatsan ne ya fara ji kafin ita. Tsakanin ƙafafun sumul yake. Ta san aikin hannun da ya ruɗe, ta gan shi a watannin ƙarshe kafin a kulle ɗakin: ƙarfe yana cizon icce, yana barin tsaga da gurzuwa. Nan babu ko ɗaya. An share cikin dokin tas, an zagaye kofato, ƙafar gaba da ta baya kaurinsu ɗaya kamar an auna. Wanda ya yi wannan bai ɓace hanya ba. Inda ya nufa ya tsaya.

A hankali ta miƙe ɗan ƙaramin yatsanta, wanda ya fi sauran karkacewa, ta kwantar da shi a jikin ƙafar gaba. Ta mayar da shi jikin ta baya. Kauri ɗaya da yatsan, ko gashi ba ya wucewa.

Sai ta ɗaga yatsan sama, a gaban fuskar Volkmar, yadda ya sha ganin ta ɗaga shi ta tsallaken tebur yana cusa dankali a baki.

Volkmar ya dubi yatsan, ya dubi dokin. Bakinsa ya buɗe.

"Kaurin wannan kawai," ya ce can ƙasa. "Ikon Allah."

"Me ne ne?" in ji Annett. Sai ita ma ta gani, ta toshe baki da hannu biyu.

"Tebur ya yi mini," in ji Roswitha. Dariya ta ƙwace mata, ta haɗe da kuka, ba ta damu da raba su ba. "Ɗan banza mai taurin kai. Sai da ya bari hannun ya gama lalacewa. Uwarsa ko sau ɗaya ba ta taɓa riƙe wuƙar sassaƙa ba, Annett, kin ji? Ko sau ɗaya. Ba wanda ya taɓa roƙonsa ƙafa sai ni."

"Na ji, Mama."

"Ni ce."

"Ke ce."

Volkmar ya juya baya, ya zaro wani ƙaton hankici yana fyace hanci da ƙarfi, wai ƙurar icce ce. A sama masu busa sun koma wata waƙar, na ƙarshen yana nan yana biyo su. Wata yarinya 'yar ƙarama ta leƙo ta gefen Annett ta ce wa uwarta dokin nan ya ci abinci da yawa.

Roswitha ta goge fuska da tawul ɗin, ta miƙa hannu.

"Yaro, ara mini wuƙarka. Ba wannan ba, ƙaramar."

"Uwargida, hannunki fa."

"Hannuna aka auna."

Ya sa mata ita a tafi, ya naɗe mata yatsu a kan ƙotar. Shekara goma sha wani abu rabonta da wuƙa. Ta dafe dokin a kan gwiwa, ta kafa bakin a ƙafar baya, wadda kullum ita ke cin amanarta. Wuƙar ta zame ta ci fiye da yadda ta so. Duk su uku suka riƙe numfashi suna jiran ƙas.

Siririn sassaƙe ya naɗe ya faɗo a kan siket ɗinta. Ƙafar tana nan.

"Tsaga sauran," ta ce, ba ta ɗago ba. "Duka. Ina da aikin yi a Leipzig."